Ra'ayi: Kwantaragin wata-wata zai riƙe matasa masu sana'a, idan aka daina ƙulla shi da fatar baki

Tun lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli, farantan sola suka yawaita a kan rufin gidaje, shaguna, kemis da ƙananan asibitoci, daga Yamai har Damagaram. Wutar ta dawo a watan Maris na 2024, amma kayan suna nan, kuma kowane faranti yana son a share masa ƙurar hunturu, kowane batir yana son a duba shi. Haka na'urorin sanyaya ɗaki suke kafin zafin bazara, haka kyamarorin tsaro, kwamfutocin makarantu masu zaman kansu da intanet ɗin otel-otel. Aiki ne da ke dawowa kowane wata, kuma matasa ne ke yin sa. Sai dai galibinsu har yanzu kamar ƴan ga-ruwa suke: ran da aka kira su a samu na cefane, ran da ba a kira ba a kwana da lissafi.

Ra'ayina shi ne duk matashin da ke irin wannan sana'a ya nemi kwantaragin wata-wata, ya rubuta shi, ya kuma saka shi cikin manhajar fitar da faktir. A lissafa a gani. Mai gyaran sola da ke da gidaje goma, kowanne yana biyan jaka 15 a wata, ya san jaka 150 na zuwa kafin wata ya kama. Da wannan zai iya kama hayar shago, ya ɗauki yaro yana koya masa, ya je banki ko asusun bashi da takardun da ke nuna shigar kuɗinsa. Shi ma mai gida ya huta, domin rigakafi ya fi magani: kuɗin duba batir sau ɗaya a wata bai kai na sayen sabo ba.

Inda ake samun tangarɗa shi ne yadda muke ƙulla maganar. "Ka riƙa leƙowa, mu ma za mu riƙa ganin ka." Shi ke nan an gama kwantaragi. Bayan wata uku sai mai gida ya ce ai bai ga abin da ya lalace ba, don me zai biya. Shi kuma mai gyara ya ce an kira shi sau shida a wata guda, har da tsakar dare, kuma waya da fis daga aljihunsa ya saya. Kowa yana da gaskiya a bakinsa, domin babu wanda ya faɗi sau nawa za a zo, mene ne ke cikin kuɗin, mene ne ba ya ciki. Har lissafin kuɗin kansa yana iya rikicewa, tunda mu da dala muke ƙirga, dala guda kuma sefa biyar ce, alhali wanda ya saba da lissafin boko ko ɗan ci-rani da ya daɗe a waje da sefa yake ƙirga. Adadin da aka rubuta da lambobi ba ya ɗaukar fassara biyu.

Akwai abubuwa biyu da ake haɗawa wuri guda, kuma manhajojin lissafi sun raba su. Na farko kuɗin hidima mai maimaituwa, kamar abonoman Canal+: adadi ɗaya, rana ɗaya, kowane wata. A nan manhaja ce ke fitar da faktir da kanta ran da aka tsayar, ta ba shi lamba, ta nuna wanda ya biya da wanda bai biya ba. Na biyu kuɗin kafin alƙalami da ake ajiye wa mai sana'a don ya zama a shirye, ana cire kuɗin kowane aiki daga ciki. A ce wani asibiti ya ba mai gyaran kwamfuta jaka 90, aka yi da shi kowace fita jaka 10 ce. Ran da ya karɓa, ko dala bai ci ba tukuna. Bayan fita huɗu, jaka 40 ce tasa, jaka 50 amana ce a hannunsa. A nan ne matasa da yawa ke faɗuwa: kuɗin ya shigo, an sayi sabuwar waya, an yi hidimar biki, sannan a yi wata biyu ana aiki da ɓacin rai kamar na kyauta. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Manhaja mai kyau tana nuna wannan ragowar a fili ga ɓangarorin biyu bayan kowane aiki.

Amfanin manhaja na uku ya shafi ɗabi'armu. Kunya ce ke cin jarin matasa. Yaro ba ya iya tsayawa gaban Alhaji, abokin mahaifinsa, ya ce Baba, wata biyu ke nan ba a biya ba. Amma saƙon tuni da ke fita da kansa kwana uku kafin lokaci, da wani bayan mako guda, ba ya ɓata zumunci. Kowa ya san na'ura ce ta aiko, kuma kowa aka aika wa.

Ƴan uwanmu da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Gana ko Kodebuwa su ne suka fi kowa buƙatar wannan tsari. Su ne ke aiko kuɗi ta Nita, Al Izza ko Amana don a kula da solar gidan tsohuwa ko injin rijiyar unguwa, kuma su ne ba sa ganin aikin da idonsu. Wanda ke Tarabulus ba shi da hanyar sanin ko an je gidan a Tawa, sai abin da aka faɗa masa a waya. Faktir mai kwanan wata, tare da ɗan bayanin abin da aka yi da hotuna biyu ta WhatsApp, ya isa ya kashe zargin da ke raba ƴan uwa. Duk wanda ke biyan irin wannan kuɗi daga nesa, haƙƙinsa ne ya nemi a ba shi.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Yawancin manhajojin nan an ƙera su ne don ƙasashen da ake cire kuɗi kai tsaye daga katin banki. A nan kuwa da hannu ake biya, ko ta Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash, saboda haka sai mutum ya shigar da kowane biya da kansa. Idan ya yi sakaci, manhaja za ta aika wa wanda ya riga ya biya saƙon bin bashi, wanda hakan ya fi rashin aikawa muni. Wasu manhajojin kuma da dala ko yuro ake biyan su, ga yankewar intanet. Amsar ita ce a fara da abin da ake iyawa. Dolibarr kyauta ce, tana aiki da Faransanci, tana da sashen kwantaragi da na faktir mai maimaituwa. Wanda bai kai can ba, shafin Excel mai layi biyar ya ishe shi: suna, adadi, ranar biya, abin da aka yi, ragowa. Sharaɗin dai a ware lokaci kowane mako a daidaita shi da kuɗin da ya shigo, a kuma ajiye kwafi a wani wuri dabam.

Sai tsoron haraji. Wasu na gudun takarda ne don kada ma'aikatar haraji ta san da su. Amma manyan abokan ciniki, wato ƙungiyoyi masu zaman kansu, bankuna da kamfanoni, ba sa ƙulla kwantaragin shekara da wanda ba shi da lambar NIF da rajistar kasuwanci. Ga waɗanda dokar ta shafa kuma, hukumar haraji ta DGI ta kawo tsarin faktir mai tabbaci na SECeF, mai ɗauke da alamar QR, kuma harajin TVA kashi 19 cikin 100 ne. Faktir ɗin da manhajar waje ta fitar, komai kyansa, ba ya maye gurbin wannan. Wanda zai sayi manhaja ya fara tambaya ko tana tafiya da tsarin. Haka nan ran da magana ta kai kotu: dokokin OHADA, da Nijar ke cikin ƙasashe 17 masu aiki da su, sun tanadi gajeriyar hanya ta neman alƙali ya ba da umarnin biya, amma sai an haɗa buƙatar da takardun shaida.

Shi ma mai biya yana da abin da ya kamata a kare masa. Kwantaragin da ke sabunta kansa ba tare da sanarwa ba tarko ne. A rubuta cewa kowane ɓangare zai iya janyewa da sanarwar wata guda. A rubuta makomar ziyarar da ba a yi ba, ko ta wuce wata na gaba ko a mayar da kuɗinta. A rubuta cikin awa nawa za a amsa kira. Kayan gyara kuma a ware su a faktir dabam, domin farashinsu a kasuwar Maraɗi yana hawa da sauka tare da naira da halin iyakoki, kuma wanda ya cusa su cikin kuɗin wata zai wayi gari yana aiki da asara.

Rubuta yarjejeniya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana. Cibiyoyin koyar da sana'a da Maison de l'Entreprise su saka wannan cikin horonsu, kusa da koyon haɗa waya da ɗaura faranti. Matashin da ke karanta wannan kuwa ba sai ya jira kowa ba: ya zaɓi abokan cinikinsa uku da suka fi kiran sa, ya rubuta shafi guda, ya kai musu kafin ƙarshen wata.