Kafin ka ɗora allura a kan faifan gado



Makon jiya na je Toranke ta ƙaramar hukumar Ajingi domin gaishe da dangi. A can wani ɗan ƙanena, ɗalibin jami'a, ya jawo mini akwatin ƙarfe na marigayi kakansa, cike da faya-fayan garmaho, har da na Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Ya ce ya tara kuɗi, zai shiga kasuwar Sabon Gari a Kano ya sayo amfilifaya da sifika masu ƙarar da za a ji har Gaya. Na ce masa ya dakata, domin ya fara lissafi daga inda ya kamata ya ƙare.

Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Faifan da ke cikin akwatin nan, in ya lalace, da wuya a samu madadinsa. Saboda haka kaso mafi tsoka na kuɗin, garmaho da allurarsa ya kamata ya tafi. Allura mai kyau tana danna faifai da nauyin da bai wuce giram 2 ba, ko kusa da haka. 'Yan ƙananan garmaho masu kama da jaka kan ninka wannan nauyi, su riƙa cinye layin faifai sannu a hankali. Araha ba ta ado. A kuma duba gudun juyi: akwai faifai mai 33, da mai 45, da tsohon mai 78 wanda ke buƙatar allurarsa ta daban mai kauri.

Sai sifika. Ɗakin zama ba filin biki ba ne. Ka tafi da waƙar da kunnenka ya saba da ita, ka sa mai shago ya rage ƙara. In kana jin bugun kalangu daban, muryar 'yan amshi daban, ko tsinkiyar kuntigi ba ta nutse ba, to ka samu. Sifikar da ba ta daɗi sai an ƙure ta, ka bar masa abinsa.

Amfilifaya ce ta ƙarshe. Kada adadin wat na dubbai da ake mannawa a jikin kwali ya ruɗe ka. Ka nemi inda aka rubuta RMS, nan gaskiya take. Wat 20 zuwa 30 a kowane ɓangare ya wadaci ɗaki, domin ninka wat sau biyu ƙara kaɗan yake ƙarawa. Sai an ninka kusan sau goma kunne ke jin ta ninku. Ka tabbatar tana da mashigar da aka rubuta PHONO, in ba haka ba sautin faifai zai fito siriri kamar kukan sauro. Ka kuma daidaita om ɗinta da na sifika, 4 ko 8.

Kayan gwanjo na da kyau, amma wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Wanda ya jona ba tare da taransifoma ba, hayaƙi zai gani. Inda wuta ke wasan ɓuya, sitabilaiza ko sola mai inbata ta gari wajibi ce. Faifai kuwa a jera shi a tsaye, cikin rigarsa, nesa da rana da ƙurar hunturu, domin zafi na lanƙwasa shi.

Da na gama, yaron ya yi shiru, sannan ya ce ashe kuɗinsa ma za su yi saura. Na ce ya sayi burushi mai laushi na goge faifai, ya kuma tuna maƙwabci na da haƙƙin barcinsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.