Daga Rumfata a Aboabo: Kafin ka zargi uwargida, je ka a gwada ka

Maganar wannan mako mai nauyi ce, ku yi haƙuri da ni.

Kwanakin baya wani abokin fataucina ya same ni a rumfa, idonsa jajur. Matarsa ta je awon ciki, an ce tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Ya ce sakinta zai yi. Na ce, "Alhaji, kai da ke kwana Techiman da Kumasi wata-wata, an taɓa gwada ka?" Ya yi shiru. Washegari na raka shi asibiti. Abin da aka gaya masa sirrinsa ne, amma dai yanzu tare suke zuwa karɓar magani.

Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta Ghana ta ƙiyasta cewa mutum 17,774 ne suka kamu a shekarar 2023. Mata 11,317, maza 6,457. Wato kusan biyu cikin uku mata ne. Akwai matasa da yawa a ciki, akwai kuma ƙananan yara.

To, ta ina take shiga? Mafi yawa ta saduwa tsakanin namiji da mace ba tare da kariya ba. Sai daga uwa zuwa jariri, lokacin ciki, haihuwa ko shayarwa. Sai jini, kamar allura ko askar da aka yi wa wani amfani da ita. Don haka ku sa ido a kan wanzami, a sa sabuwar reza. Cin tuwo a kwano ɗaya, musabaha ko cizon sauro ba sa kawo ta.

Mace ana gwada ta a wurin awo, sai laifi ya faɗa kanta. Mu maza kuwa ba ma zuwa asibiti sai ciwo ya kayar da mu. A gidan da ke da mata biyu ko uku, shirun maigida na iya shafar kowa.

Gaskiya ne arewacin Ghana na cikin yankunan da cutar ta fi ƙaranci, amma ɗan kasuwa ba a gida yake kwana ba.

Maganin rage ƙarfin cutar kyauta ne, kuma ana samunsa a Asibitin Koyarwa na Tamale. Wanda ya riƙe shi har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa, mai ciki kuma tana iya haihuwar ɗa lafiyayye.

Ni na yi gwajin a ranar da na raka Alhaji, ban yi awa ɗaya ba na fito. Mai shirin ƙara aure ma, a yi gwaji kafin a kai sadaki.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa.