Intanet a Gidajen Karkara na Kewayen Kaduna: Inda Gizo ke Saƙar

Tun da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya cikin watan Agusta na shekarar 2001, mazauna Kawo da Malali da Unguwar Dosa ba su daɗe suna jiran sabis ba. Amma da zarar mutum ya wuce Rigachikun ya ratse daga titin Zariya, ko ya bi ta Mando ya nufi ƙauyukan bayan Afaka, sai labari ya sha bamban. Ga shi kuwa a yau neman gurbin karatu da tura kuɗi da jin farashin masara duk sun rataya ne a kan intanet.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanonin sadarwa suna kafa turakunsu ne inda jama'a suka yi yawa, domin kowane turke yana cin man dizal da kuɗin gadi. A shekarar 2020 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yafe kuɗin izinin binne wayar faiba, wanda aka tsayar a kan naira 145 kowace mita a matakin ƙasa. Wannan mataki ya rage nauyi, sai dai bai kawar da matsalar tsaro ba, wadda ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021. Haka kuma shirin tarayya na 2020 zuwa 2025 ya ƙudurta kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin ɗari na al'umma, amma wa'adi ya cika ba a cim ma adadin ba.

Bisa ga haka, a ganinmu bai kamata magidanci ya naɗe hannu ba, domin wani ɓangare na matsalar a cikin gida yake. Rufin kwano da kaurin katanga suna tare sabis, shi ya sa na'urar Wi-Fi da aka ajiye a ƙuryar ɗaki ba ta tsinana komai. A gwada layukan kamfanoni daban-daban a tsakar gida kafin a sayi na'ura, a ɗora ta a sama kusa da taga mai fuskantar turke. Idan turken ya yi nisa, eriyar waje a kan dogon ƙarfe ita ce magani, amma a haɗa ta da maganin tsawa saboda damina. Babban gida mai sassa da yawa kuwa, gara a ja waya daga na'urar farko zuwa ta biyu. Ƙaramin sola da batir sun isa su riƙe su idan an ɗauke wuta. Na'urorin ƙara ƙarfin sabis da ake tallatawa a kasuwa dai, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta hana amfani da su ba da izini ba, domin suna dagula sabis ɗin maƙwabta.

Starlink, mai aiki da tauraron ɗan'adam, ya shigo ƙasar nan a watan Janairu na 2023, kuma ba ya buƙatar turke, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Ya fi dacewa da asibitin karkara ko makaranta.

Sauran aikin yana hannun shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai. Tun 2024 umarnin Shugaban Ƙasa ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, don haka satar batir a gindin turke, ko tsinke wayar faiba wajen aikin hanya, ba ƙaramin laifi ba ne. Muna kira ga kansiloli da su tattara sunayen ƙauyukan da ba su da sabis, a miƙa wa Asusun USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa domin irin waɗannan wurare. Wanda kuma ya kai kuka ga kamfaninsa ba a share masa hawaye ba, yana iya kiran NCC kyauta a lamba 622.