Shin Saye Muka Yi, Ko Aro Aka Ba Mu?

Tun ranar da na ambata a wannan fili cewa na ɗora wa na'urar karatuna wata manhaja wadda ba ta kamfanin da ya ƙera ta ba, wasiƙu ba su yanke ba, galibinsu kuwa na masu neman ƙarin bayani ne, Allah ya saka musu da alheri. Amma guda ɗaya da ta iso ni a makon nan, daga wani bawan Allah wanda alƙalaminsa ya nuna ya taɓa karatu gwargwado, ita ce ta hana ni sakat, domin bai tsaya ga saɓa mini ba, wanda wannan haƙƙinsa ne, sai da ya kira abin da na yi cin amana, ya jera ni cikin sahun masu satar gumin marubuta, sa'an nan ya rufe da yi mini nasiha in ji tsoron Allah. Nasihar na karɓa hannu bibbiyu, don babu wanda ya fi ƙarfinta. Tuhumar ce ba zan haɗiye ba.

Da Malam mai wasiƙa ya yi bincike kaɗan kafin ya yanke hukunci, kamar yadda ladabin ilimi ya wajabta, da ya tarar cewa manhajar nan, watau KOReader, wadda waɗansu 'yan sa kai daga ƙasashe dabam-dabam suka gina suka sake wa duniya kyauta, ba ta ma iya buɗe littafin da kamfani ya kulle, saboda haka ɓarawon littafi ba shi da wani abin da zai tsinta a cikinta. Aikinta shi ne ta yanke farin gefen shafi don rubutu ya cika fuskar na'ura, ta ƙara wa tawadar da ta koɗe duhu, ta karɓi ƙamusun da mutum ya zaɓa da kansa, kuma idan shafin hoto ne aka ɗauka, ta iya yanyanka layukansa ta sake jera su da girma, ko da daga dama zuwa hagu ake karanta su.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da ya shafe mu. Waɗanda suka tsara Kindle a Amurka, da waɗanda suka tsara Kobo a Toronto, mai karanta ƙagaggun labarai na Turanci suka sa a gaba, ba laifinsu ba ne kuma. Alhali ɗalibinmu na zaure, da ɗan jami'ar da ke rubuta kundi a kan fiƙihu ko nahawu, abin da ke hannunsu shi ne tsofaffin ɗab'in Misira da Bairut da aka ɗauki hotonsu shafi bayan shafi aka mayar PDF, matani a tsakiya, hashiya ta kewaye shi, haruffa ƙanana kamar an yi rowar tawada. Littattafan nan mawallafansu sun yi ƙarni da ƙarni a kabari, Allah ya jiƙan su, kuma da yawa wakafi aka yi da su don a karanta. Haƙƙin wane ne aka ci idan dattijo mai raunin gani ya sami hanyar ƙara wa Hashiyar Dasuƙi girma?

To, tun da Malam ya kawo maganar amana, bari mu zauna a kanta, don a nan ne ainihin mas'alar take. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Misira wanda ya rasu a 1285 Miladiyya, ya bambance a cikin littafinsa Alfuruƙ tsakanin wanda aka mallaka wa manfa'ar abu da wanda aka yarje masa intifa'i kawai: na farko, kamar mai haya, yana iya amfana da kansa, yana kuma iya bai wa wani, da kuɗi ko ba da kuɗi ba, na biyu kuwa, kamar ɗalibin da aka bai wa ɗaki a makarantar wakafi, shi kaɗai zai zauna, ba ya sayarwa, ba ya sa wani a madadinsa don ya karɓi lada. A sama da su duka akwai mai saye, wanda ya mallaki ainihin abin. Yanzu a auna littafin da mutum ya biya kuɗinsa a kantin Kindle da wannan ma'auni: ba ya iya sayar da shi in ya gama, ba ya iya yin wakafinsa ga masallacin unguwa, ba ya shiga cikin abin da za a raba wa magada, in ban da ɗan sassaucin da aka yi wa mutanen gida ɗaya su yi tarayya a karatu. Ashe ko darajar mai haya bai kai ba. Amma kalmar da ke rubuce a kan maɓallin da ya danna ita ce ta saye, har sai da jihar Kalifoniya ta yi doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, ta hana a kira irin wannan ciniki saye ba tare da an bayyana wa mai biya cewa izinin amfani kawai yake samu ba.

Kada a ce zato nake yi. A watan Yuli na 2009 kamfanin Amazon ya miƙa hannu ta intanet ya shafe littattafai biyu na George Orwell daga na'urorin mutanen da suka biya, ɗayansu kuwa shi ne wanda Bala Abdullahi Funtua ya fassara mana da sunan Gandun Dabbobi. Gaskiya ne wanda ya saka su a kantin ba shi da izinin sayarwa, gaskiya ne an mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin na lokacin, Jeff Bezos, ya kuma ba da haƙuri, amma abin da aka gani an riga an gani, watau akwai hannun da ke iya shiga ɗakin karatunka kana barci. A 2019 Microsoft ya rufe kantin littattafansa, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa baki ɗaya, aka mayar musu da kuɗi kamar kuɗin ne suke karantawa. Daga ranar 26 ga Fabrairu 2025 kuma Amazon ya janye damar da mai saye yake da ita ta sauke littafinsa a kwamfuta ya zuba wa na'ura ta igiya, damar da ta fi amfani ga irinmu da intanet ke zuwa mana yau ta ɓace gobe. Duk wannan Malam bai ga cin amana a ciki ba, sai a wurin talakan da ya tara kuɗinsa na halal ya sayi ƙarfe da gilashi, ya ce zai karanta abin da ya ga dama a kansu ta hanyar da idonsa zai iya ɗauka! Wannan irin wara'i mai tsanani ga mai rauni, mai sassauci ga mai ƙarfi, ni ban san shi a littattafan da aka karantar da mu ba.

Zai ce ai na yarda da sharuɗɗa ranar da na kunna na'urar, kuma lalle wanda ya ɓalle takunkumin da kamfani ya sa wa tasa yana iya rasa lamunin gyara, yana ma iya lalata ta in ya yi garaje. Na ji. Ba fatawa na zo bayarwa ba, amma kowane ɗalibin Muhtasar ya san matsayin sharaɗin da ke ƙuntata wa mai saye tasarrufi a cikin abin da ya saya. Wanda ya sayar maka da doki ya ce kada ka sa masa linzami sai nasa, ai bai gama sakin dokin ba.

Masu bin wannan fili sun san ba na barin maganar haruffa masu lanƙwasa ta wuce ni, yau ma ba zan bari ba. Har yanzu ana tura mini littattafan Hausa na lantarki waɗanda aka cire wa ɓ da ɗ da ƙ ƙugiyoyinsu, wai don na'ura ba ta nuna su, alhali Kindle da Kobo duka suna karɓar samfurin haruffan da mutum ya zuba musu, kuma cibiyar SIL ta daɗe da sakin Charis da Andika kyauta, har da Alkalami wanda aka zana bisa hannun ajamin Kano, da Harmattan na rubutun Afirka ta Yamma. Lalaci ne na masu buga littattafai, ba wani abu ba.

Masu tambayar wace na'ura za su saya kuwa, su fara duba abin da suke karantawa. Dukkan na'urorin nan fuskar tawadar lantarki ce da su, wadda ba ta jan wuta sai lokacin juya shafi, shi ya sa caji ɗaya kan yi makonni, wanda kuwa ya san halin wutarmu ya san darajar wannan. Mai karanta labarai da littattafan da aka tsara a EPUB, inci 6 ko 7 ya ishe shi. Mai fama da matani da hashiya kada ya yaudari kansa, domin sake jera layuka yana cakuɗa su biyun. Inci 10 yake bukata, irin Kobo Elipsa, ko Kindle Scribe, ko Boox mai tafiya da Android, wadda ke karɓar manhajojin waya irin su Shamila amma ta fi sauran shan batir. Masu launi da Kobo da Amazon suka fitar a 2024 ban ga dalilin ƙara musu kuɗi ba ga mai karatun baƙi da fari, tun da shimfiɗar launin tana dusashe hasken shafi, kuma kaifin launin rabin na baƙin rubutu ne, ɗigo 150 a kowane inci a gaban 300.

Idan aka bar ni da zaɓi, Kobo ko PocketBook zan nuna wa ɗalibi, domin a kansu ana ɗora KOReader ta hanyar kwafar fayiloli daga kwamfuta, ba sai an ɓalle wani takunkumi ba, sa'an nan ya tsara taskarsa da Calibre, wadda Kovid Goyal ya fara ginawa tun 2006. Kindle tana da ƙarko da arha, ita ce kuma ta fi yawa a hannun 'yan gwanjo. Wanda ya saye ta a can ya tabbata mai ita na farko ya cire sunansa daga kanta, kuma in yana da niyyar ɗora mata wata manhaja, kada ya haɗa ta da intanet kafin ya duba lambar wadda ke cikinta, domin takan sabunta kanta ba tare da sallama ba, sabuwar kuma sau da yawa ta riga ta toshe ƙofar da 'yan sa kai suka gano a tsohuwar.