Kada mu jira masallacin Yama ya bi sahun na Damagaram

A watan Satumban 2024, ruwan sama ya rusa tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19. A Agustan 2023 kuma, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. Ya kamata waɗannan su ishe mu ishara a jihar Tahoua, domin mu ma muna da irin wannan gado.

A ƙauyen Yama da ke yankin Illela, Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, mutanen gari suna kai masa ruwa da tubali. Daga baya ya ƙara hasumiyoyi huɗu, kowace da siffarta. A 1986 ginin ya lashe kyautar Aga Khan ta gine-gine, sunan Adar ya zaga duniya.

Ginin ƙasa yana daɗewa ne idan ana kula da shi: a sabunta yaɓe kafin damina, a share indararo, a toshe tsaga tun tana ƙarama. A da, gayya ke yin wannan aiki. Yanzu majiya ƙarfi da yawa suna ci-rani a Abijan ko Libiya, kuɗin da suke aikowa kuma galibi kan siminti da kwano yake ƙarewa. Shafa siminti a kan bangon ƙasa kuwa haɗari ne, saboda yana kulle laima a ciki har ginin ya ruɓe ba a sani ba.

Akwai mafita a kusa da mu. A Dandaji, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin garin ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa.

Muna kira ga hukumomin jiha su ƙididdige tsofaffin gine-gine, su sa magina su duba su kowane rani. Ƙungiyoyin 'yan ci-rani kuma su ware wani kaso don yaɓe da biyan tsofaffin magina su koyar da matasa. Watannin rani ne lokacin wannan aiki, tun kafin hadari ya haɗu.