Lambobin Da Ke Ɓoye Cikin Hoton Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa ganin hoton ƙwaƙwalwa a ɗakin likita zai zaci zane ne kurum na baƙi da fari da toka-toka. Alhali kuwa lambobi ne zalla. Na'ura takan kasa kan mutum, a lissafce, zuwa 'yan mitsi-mitsin ɗakuna masu tsawo da fāɗi da kauri, sau da yawa wajen milimita 1 ta kowane gefe, watau ko ƙwayar gero ba su kai ba. Masana suna kiran kowane ɗaki "boksel", kowanne kuma yana ɗauke da lamba guda, wadda ake mayarwa haske ko duhu.

A na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro, aka kuma fara gwada ta kan majinyaci a Landan cikin 1971, lambar nan tana da tsayayyen ma'auni: ruwa 0, iska -1000, ƙashi mai tauri 1000 ko fiye. Naman ƙwaƙwalwa yana tsakanin 20 da 45, jinin da ya zuba ya daskare kuwa yakan haura 50. Wannan 'yar tazara ce ke nuna wa likita, in an kawo mai shanyewar ɓarin jiki, ko jijiya ce ta fashe. Maganin narkar da gudan jini, wanda ke ceton mai toshewar jijiya, yana iya halaka mai zubar jini.

Lambar MRI ba ta da irin wannan ma'auni. Boksel mai 600 a wannan na'ura yana iya zama 1,400 a waccan, ga shi kuwa kan mutum ɗaya ne. Saboda haka masu bincike sukan fara daidaita hotuna bisa tsari guda, sa'an nan lambar ta koma kimanta yawan nama mai launin toka a wurin.

Da haka ne Eleanor Maguire ta nuna a 2000 cewa bayan hipokamfas, sashen da ke riƙe taswirar wurare, ya fi girma a kan direbobin tasi na Landan. Masu shakka suka ce watakila da shi aka haife su. A 2011 ita da Katherine Woollett suka ba da sakamakon bin masu koyon aikin na tsawon shekaru: waɗanda suka ci jarrabawar haddace tituna ne kaɗai sashen ya ƙaru musu. Amma ko ƙwayoyin jijiya ne suka yawaita, ko rassansu, ko hanyoyin jini, lamba ɗaya ba ta iya bambancewa, domin kowane boksel ya haɗiye dubban ƙwayoyi a cikinsa.