Wa Ya Kamata Ya Zaɓi Littattafan Laburaren Makaranta?

Wasu daga cikinmu sun dawo daga koyon aikin koyarwa a zangon da ya wuce, kuma ƙorafin da suka zo da shi game da laburaren makarantun da aka tura su bai zo mana da mamaki ba, domin mu ma daga irin waɗannan makarantu muka fito. Mai wannan rubutu yana iya tuna ranar da mota ta sauke kwalayen littattafai a sakandarensu. Aka tara mu muka yi tafi, aka jera su a kanta, aka kulle ɗaki. Da muka sami shiga, sai ga taswirar da ke nuna Nijeriya da jihohi 19, alhali tun 1996 jihohin sun zama 36. Ga littafin aikin gona mai bayanin yadda ake kare shuka daga dusar ƙanƙara, mu kuwa iyayenmu gero da dawa suke nomawa. A ɗaya gefen, malamin Hausa na yawo da kwafi guda na Shaihu Umar, duk ya yage, da shi yake karantar da aji uku. Babu wanda ya tambaye shi abin da yake bukata kafin motar ta taso.

Matsalar ke nan. Sau da yawa ana yanke shawarar abin da za a saya a ofis, tsakanin jami'in da ya daɗe bai riƙe alli ba da ɗan kwangilar da ke neman rabuwa da kayan da suka kwanta masa. Wani lokaci kuma kyauta ce daga waje, a karɓa da godiya ba tare da an buɗe kwali ba. A takarda an kashe kuɗi, an ƙirga littattafai, lissafi ya cika. Abin da takarda ba ta nunawa shi ne littafi nawa ne yaro ya taɓa buɗewa.

Mu dai a ganinmu, malamin da ke tsaye gaban aji shi ya fi kowa cancantar a fara jin ta bakinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya san cewa Turancin wannan littafin kimiyya ya fi ƙarfin ɗan aji ɗaya, shi ya san babin da ɗalibai ke tuntuɓe a kansa duk shekara a jarrabawar WAEC ko NECO, shi ne kuma zai ce wa yaro je ka laburare ka duba shafi kaza. Littafin da malami bai san da zamansa ba, da wuya ɗalibi ya je nemansa.

Tarihin adabinmu ma ya isa shaida. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubuta labarai a 1933, malaman makaranta ne suka fi amsa kiran. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne a Bauci da ya rubuta Shaihu Umar. Magana Jari Ce, wanda ya biyo baya, domin 'yan makaranta aka yi shi, kuma har yau ana karanta shi ba don an tilasta wa kowa ba. Mutanen da suka san abin da ke riƙe hankalin yaro har suka iya rubuta masa littafi, ta yaya za a ce magadansu ba su isa su zaɓa masa wanda zai karanta ba?

Ba mu ce malamai ba su da nasu rauni ba. Akwai wanda in an ba shi dama ba zai rubuta komai ba sai littattafan cin jarrabawa, laburare ya koma sito na tambayoyin shekarun baya. Akwai wanda zai cusa ɗan littafin da shi ko abokinsa ya buga. Akwai kuma, mu faɗi gaskiya, wanda rabonsa da karanta sabon littafi tun yana kwaleji. Maganin wannan ba a ƙwace zaɓin daga hannunsu ba ne. A fito da shi fili. Kowane sashe ya zauna a farkon shekarar karatu ya rubuta abin da yake so da dalilinsa, a karanta jerin a taron malamai, mai kula da laburare ya kawo rajistar aro a ga irin littattafan da yara ke rububi da waɗanda ƙura ta rufe. A ware wani kaso domin labarai da waƙoƙi da tarihi, na Hausa da na Turanci da na Larabci, kada manhaja ta cinye komai. Wannan ba ya bukatar ƙarin ko kwabo; takarda ce da zama ɗaya.

Tun daga shirin UPE na 1976 har zuwa UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, hankalin hukuma ya fi karkata ga yawan azuzuwa da yawan yara, kuma ba mu raina wannan ƙoƙari ba. Amma maganarmu ta yau da ku ce, 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata. Nan da shekara biyu ko uku wasunmu za su riƙe alli, ko a bautar ƙasa ko a aikin dindindin. Wasu kuma tuni suna zaune a ma'aikatar ilmi, fayil ɗin sayen littattafai yana bi ta teburinsu. Wanda ya sami kansa a aji, kada ya jira a tambaye shi: ya rubuta jerinsa ya kai wa shugaban makaranta, ya ajiye kwafi. Wanda fayil ya zo gabansa kuwa, kafin ya sa hannu, ya juya shafi ya duba ko akwai takardar da ta fito daga malaman makarantar da za a kai wa kayan. In babu, ya mayar da fayil ɗin ya nemi a kawo ta.